Kafin a Yi Shela: Jawabin Shugaban Sashen Wayar da Kai a Taron Shekara na Gidauniya

 

Mai girma shugaban taro, wakilan Masu Martaba Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum, malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta muku, iyayenmu masu fitar da zakka da masu yin wakafi, shugabanni da 'yan kwamitocin masallatai, iyayenmu mata, 'yan'uwana ma'aikatan gidauniya.

An umarce ni da in yi bayani a kan aikin sashen wayar da kai da hulɗa da jama'a. Al'adar irin wannan bayani ita ce a lissafa shirye-shiryen rediyo da aka yi, da garuruwan da aka zaga, da takardun da aka raba. Duk waɗannan suna cikin rahoton da ke hannunku, don haka ba zan maimaita su ba. Abin da nake neman izini in yi magana a kansa shi ne ɓangaren aikinmu da ba ya shiga jadawali, alhali shi ya fi cin lokacinmu, wato zama da sauran sassan gidauniyar nan har bakinmu ya zo ɗaya kafin mu fita mu yi wa jama'a magana.

Sashenmu ba ya riƙe da ko mudu ɗaya na hatsi. Mabuɗin sito yana hannun wani, littafin kuɗi yana hannun ma'aji, jerin sunayen mabuƙata yana hannun masu tantancewa, hukuncin abin da ya halatta kuma yana wurin malamai. Abin da ke hannunmu magana ce kawai. Amma duk maganar da muka furta da sunan gidauniya bashi ce, kuma wasu ne za su biya. Idan muka ce za a yi rabo ranar kaza, mai sito ne zai buɗe ƙofa. Idan muka ce sisin kwabo ba ya ɓata, ma'aji ne zai tsaya gaban mai binciken kuɗi. Idan muka ce marainiyar ƙauye kaza za ta samu, limamin garin ne zai haɗu da kakarta a ƙofar masallaci kowace safiya. Na daɗe ina zaton mutanen da ya kamata in gamsar suna waje, a kasuwanni da gidajen attajirai. Aiki ne ya koya mini cewa na farkonsu suna cikin gida.

Ga yadda na koya, kuma laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Wata shekara, gab da azumi, wani bawan Allah ya yi mana alkawarin hatsi mai yawa. Murna ta kama ni, ga kuma lokacin da muka riga muka biya a gidan rediyo yana jira. Na sa aka sanar da ranar rabo ba tare da na tuntuɓi mai sito ba, ban kuma tambayi masu tantancewa ko sun kammala jerin sunaye ba. Hatsin ya yi jinkiri a hanya saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Ranar da na ambata ta zo, mata da tsofaffi suka cika harabar ofishi tun hantsi, wasunsu sun ranto kuɗin mota daga ƙauyuka masu nisa. Muka ba su haƙuri suka koma hannu rabbana. Hatsin ya iso daga baya, an kuma raba shi bisa ƙa'ida, amma kuɗin motar nan ba su dawo aljihun masu su ba. Wani dattijon limami da ya maimaita sanarwarmu bayan sallar Juma'a ya same ni ya ce, "Ɗana, ka ari bakina ka ci albasa da shi." Kaka biyu aka yi kafin ya sake yarda ya karanta takardarmu a masallacinsa. Magana zarar bunu ce, tun daga ranar na san nauyin wannan karin magana.

Da na zauna na duba, sai na ga gidauniyar zakka gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki yana da amanar da yake tsaro da abin da yake tsoro, kuma babu wanda tsoronsa ba shi da dalili.

Malamai suna tsaron hukunci. Allah Ya ƙididdige masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, babu mai ikon ƙara na tara don sanarwa ta yi daɗin ji. Mun taɓa tsara wata takardar bango da ke kiran jama'a su kawo zakkarsu a haƙa wa wani gari rijiyar burtsatse. Takardar ta yi kyau, buƙatar ruwan ma gaskiya ce. Malamai suka dakatar da ita, suka tuna mana cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci ko a haƙa rijiya da zakka, wannan gurbin wakafi ne da sadaka, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. A lokacin na ji kamar an taka mini birki. Yau na gane da takardar ta fita, da mun sa mutane sun fitar da dukiya suna zaton farali ya sauka daga wuyansu alhali akwai magana a kansa.

Masu karɓa, waɗanda magabata suke kira sa'i, sunan da har yau yake cikin sarautun ƙasar Hausa, su ne suke shiga gona da ruga da rumfar kasuwa. Abin da suke so daga gare mu shi ne kafin su isa, manomi ya riga ya san cewa abin da aka noma da ruwan sama ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kuɗi kuma ɗaya cikin ashirin, idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi 5, sa'i 300. Suna so makiyayi ya san zakkar shanu tana farawa daga 30, ta awaki da tumaki daga 40. Suna so ɗan kasuwa ya san ɗaya cikin arba'in ne idan dukiya ta kai darajar dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, shekara kuma ta kewayo mata. Tsoronsu shi ne mu faɗi adadin nisabi na naira da ya tsufa, domin farashin zinare ba ya zama wuri ɗaya, sai su je suna jayayya da mai dukiya a kan abin da ya ji a rediyo da bakinmu.

Ma'aji da mai sito suna tsaron lissafi. A wurinsu alkawari iska ne har sai buhu ya hau sikeli an rubuta rasiti. Masu tantancewa da rabo suna tsaron adalci. Su suka san cewa mai ƙarfin murya ba lallai ne ya fi mai shiru buƙata ba, kuma sau da yawa wadda ta fi cancanta tana cikin ɗaki kunya ta hana ta fitowa. Aikinsu ba ya son gaggawa, namu kuwa kullum cikin gaggawa yake. Kwamitocin masallatai, tare da iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, suna tsaron mutuncinsu a gaban mutanen da suke kwana suke tashi tare. Mu muna yin magana mu koma ofis, su kuwa nan suke zama da ita.

Ban da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ni na ɗauke su aiki ba, da yawansu ma sa kai suke yi don Allah, wasu kuma sun haife ni. Saboda haka umarni ba hanya ba ce. Hanyar da ta rage ita ce in san nauyin da ke kan kowa, in kuma tsara aikina yadda zai rage masa nauyin maimakon ya ƙara masa.

Ƙasarmu ta riga ta ga misalin wannan a cikin wata jarrabawa da ba za mu manta ba. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma tana kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru, sakamakon daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da ke fitar da gubar daga jini, amma sun bayyana cewa ba shi da amfani a ba yaro magani ya koma wasa a ƙasar da ta sa masa cutar. Dole sai masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun riga su shiga gida. Su ma aikinsu zai lalace muddin ba a fitar da sarrafa duwatsun daga cikin gari ba, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da bakin sarakuna da malamai da yardar masu haƙar kansu. A Bagega sai a 2013 aka fara aikin tsaftacewa bayan an daɗe ana jiran kuɗi, yaran garin kuma suka jira magani duk tsawon lokacin. Kowane ɓangare ya ƙware a aikinsa, amma babu wanda ya isa shi kaɗai, kuma akwai wanda dole ya fara kafin wani ya biyo. Aikin zakka ma haka yake a jere: hukunci, karɓa, ajiya, tantancewa, rabo. Mai shela da ya tsallake wannan jeri zai tara jama'a a ƙofar da ba a buɗe ba.

Bisa wannan ne muka zauna da shugabannin sassa muka amince da wasu ƙa'idoji, waɗanda nake so masu ba da dukiya da kwamitocin masallatai su sani, domin su riƙe mu da su.

Ta farko, babu sanarwar da za ta fita, a rediyo ko a takarda ko a WhatsApp, sai ta bi ta hannu uku: malami ya duba hukuncinta, ma'aji ya tabbatar da adadinta, shugaban rabo ya tabbatar da rana da wuri. Kowannensu yana da ikon dakatar da ita, amma sai ya faɗi dalili, kuma an yanka masa wa'adin amsawa don kada tsantseni ya zama hanyar kashe aiki.

Ta biyu, ba ma shelar alkawari. Abin da ya shiga sito ko asusu shi muke ambata.

Ta uku, na cikin gida ya riga na waje ji. Bai kamata limami ko mai karɓa ya fara jin labarin gidauniyarsa a bakin mai shayi ba. Kafin kowane gangami muna aika wa kwamitocin masallatai takarda shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, ɗauke da abin da za a faɗa da amsoshin tambayoyin da muke zaton jama'a za su yi.

Ta huɗu, muna tsara kalandarmu bisa kalandar sauran sassa. Wa'azin zakkar hatsi yana farawa kafin girbi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zakkar kuɗi kuma muna tunatar da jama'a cewa cikar shekarar dukiya take bi, ba jiran watan azumi ba, abin da ke rage wa masu tantancewa cunkoson da ke sa a yi kuskure.

Ta biyar, jaka uku ce, kowace da bakinta: zakka, wakafi, sadaka. Duk kiran da muka yi sai mun faɗi jakar da muke nufi. Kuɗin rediyo da na ɗab'i ma an ware musu gurbi daga gudummawar gudanarwa, bisa shawarar malamanmu.

Ta shida, ma'aikatan sashenmu suna bin masu karɓa zuwa gona, suna kuma zama a wurin rabo, ba don ɗaukar hoto ba. Wanda ya taɓa tsayawa a rana yana auna hatsi ba ya rubuta sanarwa da ganganci.

Ba zan ɓoye muku cewa akwai wuraren da har yanzu muke ja da juna ba. Na farko shi ne hoto. Mai ba da dukiya yana da haƙƙin ya san inda ta je, kuma gani ya kori ji. Amma matar da mijinta ya rasu ba ta sayar mana da fuskarta da buhun gero ba, abin da aka ba ta haƙƙinta ne da Allah Ya yanka mata. Ma'aikatana suna cewa rahoto marar hoto ba ya motsa zuciya, masu rabo suna cewa hoto yana korar masu kamun kai, waɗanda su ne aka fi so a kai wa. Matsayar da muke kai yanzu ita ce a nuna kaya da aiki da lissafi, kada a nuna fuskar mai karɓa sai da yardarsa ta gaskiya, wadda ba a nema a lokacin da hannunsa yake miƙe. Wanda yake son tabbaci fiye da haka, littattafanmu a buɗe suke gare shi.

Na biyu shi ne gaggawa. Da ambaliya ta afka wa Gummi a daminar 2024, jama'a sun so su taimaka nan take, mu ma mun so mu yi kira nan take. Sai tambaya ta taso a kan zakkar da aka karɓa a wani yanki, ko za a iya kai ta wani. Asalin hukunci a mazhabarmu shi ne a raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan, sai idan na nesa sun fi tsananin buƙata. Tun lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman aka kafa tushen cewa abin da aka karɓa daga mawadatan al'umma matalautanta ake mayar wa. Irin wannan tambaya ba a jira ruwa ya ci gari sannan a yi ta. Shi ya sa muka roƙi malamanmu su rubuta mana matsaya a kan yanayin gaggawa tun ana zaune lafiya.

Na uku shi ne tsaro, kuma shi ya fi nauyi. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da hare-haren farkon watan Janairun 2022 ba, 'yan gudun hijirar da ke zaune a garuruwanmu kuma shaida ne a kan abin da ke faruwa har yau. A irin wannan yanayi, faɗin sunan attajirin da ya ba da dukiya mai yawa na iya zama nuna shi ga masu garkuwa da mutane, faɗin rana da hanyar da motar hatsi za ta bi na iya jefa direba cikin haɗari. Sana'ata tana son bayyanawa, amma ran mutum ya fi rahoto. Don haka duk abin da ya shafi suna da hanya da lokaci, maganar mutanen wurin ita ce ta ƙarshe. Mun kuma ga a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan aka rufe kasuwannin mako, cewa duk na'urorinmu sun zama kayan ado. Abin da ya rage yana isar da saƙo shi ne liman a mumbari da mai unguwa a ƙofar gidansa. Wanda bai gina alaƙa da su a lokacin sauƙi ba, ba zai same su a lokacin tsanani ba.

Ya ku iyayenmu masu ba da dukiya, ina da roƙo uku gare ku. Ku bayyana mana niyyarku a lokacin bayarwa, zakka ce ko wakafi ko sadaka, idan kuma wakafi ne ku rubuta sharaɗinku a gaban shaidu, domin sharaɗin mai wakafi abin kiyayewa ne bayan ransa. Ku sanar da mu da wuri, ko da kayan ba su iso ba, don a shirya sito da sunaye, mu kuma mun ɗauki alkawarin yin shiru har su iso. Sannan idan kuka ga mun yi jinkirin shela, ku kyautata mana zato, galibi wani ne a cikin gida ya ce a dakata, kuma galibi yana da gaskiya.

Ku kuma shugabannin kwamitocin masallatai, ku ba 'yan aikenmu ba ne, abokan shawara ne. Idan takardarmu ta zo muku da abin da bai dace da garinku ba, kada ku karanta ta don kunya, kada kuma ku ajiye ta ku yi shiru, ku dawo mana da ita ku faɗa mana inda ta karkace. Ku kawo mana ƙorafin jama'a tun yana ƙarami, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kowane kwamiti ya ware mutum ɗaya da za mu riƙa magana da shi, a kuma sanya mata cikin aikin gano mabuƙata, saboda akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga.

Jihar Zamfara ita ce ta fara ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, aka kuma kafa hukumar zakka da wakafi ta jiha a bayan haka. Doka da hukuma sun samu. Abin da doka ba ta iya samarwa shi ne amincewar manomin da zai ɗauki damin da ya sha rana a kansa ya miƙa wa wasu su raba a madadinsa. Wannan amincewa a hankali take taruwa, sanarwa ɗaya marar tushe kuma tana iya zubar da ta shekaru. Ni da abokan aikina mun ɗauki alkawarin ba za mu faɗi abin da 'yan'uwanmu na sauran sassa ba za su iya cikawa ba. Idan kuka ji mun saɓa, ku kira mu ku tuna mana da wannan zama.

Ina neman gafarar dattijon limamin da na ambata, da matan da suka koma gida ranar nan ba su samu komai ba. Allah Ya karɓa daga masu bayarwa Ya mayar musu da mafi alheri, Ya wadata masu karɓa har su ma su zama masu bayarwa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu da gonakinsu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum da jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya cikin aminci. Allah Ya sa mu cika da imani.